Kunnen Manaja

Laifin hasken la'asar ne. Haka Malam Fes ya yi ta faɗa daga baya, ko da yake ko mutum ɗaya bai yarda da shi ba a gidan.

Ranar Laraba ce. Ya dawo daga shagon tabarau inda yake aikin yanka gilashi yana zaunar da shi a firam, ko takalmi bai cire ba sai ya ga rana ta leƙo ta baranda, ta kwanta a kan kofin shayin da matarsa ta zuba ta bari a tebur. Tururi na tashi, haske na ratsa shi. Mai ƙaiƙayin hannu irin nasa ba ya wuce irin wannan. Ya zaro waya, ya wangale ƙofar baranda don hasken ya shigo da kyau, ya durƙusa ya ɗauki hoto goma sha biyu. Sannan ya zauna ya hau gyara. Ya ƙara wa kalar ɗumi, ya sassauta inuwa, ya goge ɗan tsagin da ke bakin kofin, ya gwada filta bakwai, ya dawo kan ta biyu.

Minti arba'in ƙofar nan tana hangame.

Shekara uku ke nan da wannan sha'awa ta kama shi, tun ranar da ya gano cewa da ɗan yatsa ɗaya zai iya share wayoyin lantarki daga sararin sama. Daga nan abin ya zama ciwo. Ya cire wani mai hamma daga hoton taron tsofaffin 'yan ajinsu. Ya mayar wa mai shagonsu gashin da ya rabu da shi tun kafin ya yi aure. Duk hoton da ya gani a hannun mutum sai ya ce, "Turo mini in mai da shi fes." Sunan ya bi shi har wurin aiki. Kuma yana da wata ɗabi'a da yake alfahari da ita: da ya gama gyara, sai ya goge na asalin. "Ba na tara shara a wayata," in ji shi.

Yana cikin sha'awar kofin da ya koma na 'yan gayu, sai ya ji ana buga cokali a jikin gwangwanin kifi daga kicin.

"Manaja! Taso, an gama maka aiki."

Mama ce, surukarsa. Wata biyu da suka wuce ta zo gidansu don a yi mata aikin gwiwa, da akwati ɗaya, da sanda, da wani kwando mai murfi wanda Manaja ke ciki. Manaja muzuru ne, shekararsa tara. Ya samu sunan ne saboda kujerar da ta fi kowace laushi yake zaɓa, ya harɗe a kai, ya zuba wa masu aiki ido. Tun da mijinta ya rasu, 'ya'ya suka watse, shi ne abokin hirar Mama. Shi take ba labarin maƙwabta, shi take yi wa faɗa, shi take tambaya ko za a yi ruwa. Yanzu gwiwa ta warke, kuma ranar Lahadi da safe babban ɗanta zai zo da mota ya mayar da su gida, tafiyar awa shida.

Cokali ya sake bugun gwangwani. Shiru.

Matarsa ta fito daga ɗaki. Ta dubi kujerar Manaja, ta dubi ƙofar baranda, ta dubi mijinta. A hawa na ɗaya suke, kuma daidai ƙarƙashin barandar akwai rufin rumfar motoci, daga nan katanga, daga nan sai titi.

"Malam Fes," ta ce a hankali, "wa ya buɗe ƙofar nan?"

"Gimbiya, kin gane, hasken ne..."

Ba ya ce mata Gimbiya sai ranar da ya yi laifi, don haka ba ta nemi ƙarin bayani ba.

Sun duba ƙarƙashin gado, da bayan firij, da cikin kabad ɗin takalma. Suka sauka suka zagaye unguwa har rana ta faɗi, yana kaɗa gwangwanin kifi kamar mai talla. Da suka dawo hannu rabbana, suka tarar da Mama zaune kusa da kujerar Manaja. Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi.

"Ba komai, ɗan nan," ta ce. "Ai ba da gangan ka yi ba." Sai ta ture farantin abincinta gefe.

A kicin matarsa ta tare shi. "Yaya ba shi da wata ranar sai Lahadi, ka sani. In motar nan ta tashi babu Manaja, Mama za ta koma gidan da ko hamma babu mai taya ta. Kwana uku gare ka."

"Ki bar ni da shi. In dai hoto na aiki a duniyar nan, gobe war haka yana kan kujerarsa."

Ya yi wannan cika baki ne don ya san abin da ya taka. Wata guda da ya wuce ya ɗauki Manaja hoto, ya yi awa huɗu yana gyara, ya saka a zauren masu wasa da hoto da yake ciki a waya, mutum ɗari biyu da sha ɗaya suka danna masa alamar so. Wani har tambaya ya yi ko a mujalla ya samo. Da sassafe ranar Alhamis ya rubuta YA ƁATA da manyan baƙaƙe a saman hoton, ya sa lambarsa a ƙasa, ya buga kwafi arba'in a firintar shago. Matarsa ta riga ta tafi asibitin da take aikin jinya, Mama kuma ba ta sauka ƙasa, don haka babu wanda ya ga takardar a gidan sai shi. Ya liƙa a turakun lantarki, da tashar bas, da kantin magani, da shagon aski. Ya kai ɗaya wani shagon wanki da guga da ke titi na uku, inda mai shagon, wata ƙatuwar mace mai ƙatuwar murya, ta karɓa ta riƙe baki.

"Kai, Allah ya yi halitta a nan! Malam, wannan ba ɓata ta yi ba, sace ta aka yi."

Ta liƙa a gilashin ƙofarta da hannunta.

Kafin tsakar rana waya ta fara ruri.

"Malam, na ga kyanwarka a tasha. In ta haihu ina son ɗa ɗaya."

"Namiji ne."

"To, in matarsa ta haihu."

Ta biyu wata mata ce mai son ta san da wane sabulu ake yi masa wanka. Daga nan sai kyanwoyin da kansu suka fara isowa. Wani mai gyaran agogo ya hau bene da wata fara sol a kwali, ya ce a bayan shagonsa ya tsince ta. Mama ta leƙa ta girgiza kai.

"Wannan ko ɓera ya yi mata tsawa suma za ta yi."

Ranar Juma'a aka kawo wasu uku, kowace ta fi 'yar'uwarta kyau, kuma duk wanda ya kawo sai ya ce shi fa ba zai koma da ita ba. Mai gadin ginin ne ya yi ta tara su a ɗakinsa, har ya tare Malam Fes a bakin ƙofa.

"Yallaɓai, in aka ƙara ɗaya, ni zan koma waje su su yi gadin."

Malam Fes bai yi dariya ba. Kwana biyu sun tafi. Mama ba ta shan komai sai shayi, shi ma rabin kofi. Ya rasa gane abin da ke faruwa: hoto mai kyau haka, lamba ga ta ɓaro-ɓaro, amma unguwa guda an rasa mai ido.

Da yammacin Juma'ar ne wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya hawo yana haki, da wata kyanwa mai ruwan zuma a hammata, takardar cigiyar a ɗaya hannun. Mama ta dubi kyanwar ta ce ba shi ba ne.

"Haba Mama, a duba da kyau," in ji dattijon. "Ga hoton nan, kamar an tsaga kara."

Ya miƙa mata takardar. Mama ta lalubo tabaraunta, wanda Malam Fes ɗin ne ya yanka mata gilashinsa da hannunsa, ta saka. Ta daɗe tana kallo.

"Allah sarki," ta ce, "ashe wani ma tasa ta ɓata. Kyanwar waye wannan?"

Matar Malam Fes, wadda shigowarta ke nan daga aiki, ta karɓi takardar. A jiki ga wata halitta mai gashi ruwan zuma yana sheƙi, kunnuwa biyu a miƙe tsaf, idanu kore manya daidai wa daida, gashin baki cikakke hagu da dama, bayanta wasu furanni da suka narke cikin haske.

Malam Fes ya gyara murya. "Manaja ne, Mama."

"Wane Manajan?"

"Naki. Na ɗan taɓa shi ne kaɗan."

"Ina yagaggen kunnensa?"

"Na cike shi."

"Ina hararar?"

"Na daidaita idon."

"Ɗan nan, Manaja kalar tsumman goge ƙasa ne. Wa ya shafa masa zuma?"

"Filta ce, Mama."

Dattijon ne ya fara. Ya dafa bango yana dariya har kyanwar ta zame daga hammatarsa. Matar Malam Fes ta so ta daure, ta kasa, ta zauna a hannun kujera tana share hawaye. Mama ma kafaɗunta suka fara rawa, karo na farko tun Laraba. Sai kuma ta tsaya.

"Wato kwana biyu mutanen unguwa na neman kyanwar da Allah bai halitta ba."

"Shi ke nan, an gano matsalar," in ji matarsa. "Kawo na asalin a buga yanzu."

Malam Fes ya sosa ƙeya.

"Kar ka ce mini."

"Gimbiya..."

"Ya goge," ta gaya wa dattijon. "Ba ya tara shara."

Aka duba wayarta. Duk hoton Manaja da ke ciki ya riga ya bi ta hannun Malam Fes ya fito fes. Aka duba ta Mama, aka samu hoto ɗaya tak: babban yatsanta da ƙafar kujera. Duniya kaf babu hoton Manaja na gaskiya, kuma saura kwana ɗaya.

Malam Fes ya tsaya yana kallon takardar. Abin da ya fi ba shi kunya shi ne, tun bayan awa huɗun nan da ya yi a kan hoton, in ya rufe ido wannan kyakkyawan yake gani, ko da na gaskiyar na kwance a gabansa yana hararar sa. Ya durƙusa gaban surukarsa.

"Mama, ni na cire su, kuma zan iya mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Amma ban san su kamar yadda kika san su ba. Gobe da safe ki zauna kusa da ni."

Mama, wadda wata biyu ke nan tana kiran abin nasa wasan yara, ta dube shi ta saman tabarau. "Ka tashi da wuri," ta ce.

Ƙarfe bakwai na safiyar Asabar ya buɗe kwamfuta a teburin cin abinci. Mama ta ja kujera ta zauna dab da shi, sandarta a hannu kamar malamar aji.

"Fara da kalar. Cire zumar nan."

Ya zare filtar, ya rage ɗumin. Manaja ya koma ruwan toka.

"Ya yi tsafta da yawa."

Ya ƙara duhu.

"Yanzu kuma ya zama gawayi. Na ce maka tsumma."

Matarsa ta shiga kicin ta fito riƙe da tsumman goge ƙasa da yatsa biyu, ta shimfiɗa a kan jarida. Malam Fes ya dube ta, ya dubi tsumman, sai idonsa ya yi haske. Ya ɗauki tsumman hoto, ya tura kwamfuta, ya tsinko kala uku daga jikinsa, ya riƙa shafa su a gashin Manaja da siririn buroshi, sili-sili.

"Yawwa," in ji Mama. "Yanzu kunne. Na hagu."

Ya jawo kunnen kusa har ya cika allo, ya datse gefensa.

"A'a, wannan yanka ne, kamar da almakashi. Nasa yaga ce. Ka taɓa ganin biskit da aka gutsura aka ajiye? To haka. Hankaka ne ya yi masa, a kan kan kifi. Kuma ka sani, shi ya tafi da kifin."

Ya gutsura kunnen. Ya sa masa ɗan ja-ja a bakin tabon. Sanda ta matsa zuwa gashin baki.

"Na dama gajere ne. Ya je shinshina tukunya, wuta ta lashe, bai sake fitowa daidai ba."

Haka suka yi ta yi. Wutsiya ta samu lanƙwasarta, wadda ƙofar banɗaki ta yi mata. Wuya ya samu sanƙonsa, daidai faɗin murfin kwalba. Da aka zo kan tumbi, uwa da 'ya suka yi musu, matarsa na cewa ya isa, Mama na cewa a ƙara, don ita ke ɗaukar sa. Furannin baya suka tafi, kujerar falo ta dawo. Shayin Mama ya ƙare ba ta sani ba, matarsa ta tura mata burodi da ƙwai, ta cinye tana ba da umarni da cikakken baki.

Malam Fes gumi yake yi. Kyau da dannawa ɗaya ake samun sa, amma wannan munin sai da ya ci shimfiɗar gyara ashirin da shida, ɗaya kan ɗaya, kowace da aikinta. Bai taɓa jin daɗin aiki irin na yau ba.

Wajen ƙarfe goma ya jingina. "An gama?"

Mama ta matso da fuska. "Komai ya yi. Amma har yanzu yana da kirki. Manaja ba ya kallon mutum haka."

"Yaya yake kallo?"

"Kamar wanda aka tasa daga barci don a tambaye shi ƙarfe nawa."

Malam Fes ya sauke fatar idon dama zuwa rabi. Ya ja gefen bakin ƙasa kaɗan, kamar faɗin gashi ɗaya. Ya rage hasken da ke cikin ƙwayar idon.

Mama ta ajiye sanda, ta kai yatsa ta taɓa allon.

"Ga ka nan, mara mutunci," ta ce. Sai ta juyo. "Me kake jira? Tashi!"

Ya hau babur, ya buga kwafi arba'in a shago, ya shiga bin turaku yana ɓare tsohuwa yana liƙa sabuwa. Mai aski ya leƙo ya ce, "Wannan kuma laifin me ya yi ake neman sa?" Sha biyu saura ya isa shagon wanki da guga. Injina na juyi, ɗakin ya ɗau zafi da ƙamshin sabulu. Ya yi sallama ya miƙa wa mai shagon sabuwar takardar.

Ihun da ta yi sai da mai guga ya saki dutsen.

"Ɗan Daba! Wallahi Ɗan Daba ne! Malam, wannan ai tun Laraba da yamma yake nan!"

"A nan?"

"A kan injin busarwa, can, inda ya fi ɗumi. Ranar da ka kawo waccan takardar yana ciki yana minshari. Har ɗaukar sa na yi na kai shi gaban hoton, na ce, ka ga yadda 'yan'uwanka suke, kai kuma dube ka."

Malam Fes ya waiga ya leƙa kan injin busarwar. "Ina yake?"

Fuskarta ta canza. "Wayyo. Gashi yake zuba mini a zanen gadon mutane. Da safen nan na ba da shi ga direban da ke kai mana kaya otal-otal. Wansa na da rumbun hatsi a bayan gari, ɓeraye sun dame shi. In ya gama sauke kaya can zai wuce."

"Bayan gari ina?"

"Ni ma ban sani ba."

Ta kira direban, waya ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ta sake, haka. Sai ta shimfiɗa takardar a teburin guga, ta ɗauke ta hoto, ta tura wa duk wani mai gadi da mai kula da kaya da take da lambarsa a otal ukun da motar ke zuwa. Ta danna ta yi magana da muryar da ba ta buƙatar waya: "Duk wanda ya ga fuskar nan a motar wanki, ya rufe get!" Ta juyo ga Malam Fes. "Na kusa da gada shi ne na farko, sai na bayan filin ƙwallo, sai na shataletale. Tafi mana, ka tsaya kana kallo na!"

A na kusa da gada aka ce motar ta fita minti ashirin da suka wuce. A na bayan filin ƙwallo aka ce yanzun nan, da ka zo da wuri kaɗan. Danja ta tsare shi sau biyu, wata motar yashi ta toshe masa hanya, yana ta danna ham kamar zai cire shi. In motar ta bar otal na uku, shi ke nan, bayan gari faɗi gare shi.

Da ya karyo shataletalen, sai ya hango farar mota tsaye a cikin harabar otal ɗin, hancinta na fuskantar get, get ɗin kuma a rufe. Direba ya leƙo da kai yana masifa. Mai gadin, wani dogo mai hula, na tsaye a gaban motar da waya a hannu, ko gezau.

Malam Fes ya diro daga babur ko jingine shi bai yi da kyau ba.

"Kai ne mai cigiya?" in ji mai gadin. "Saƙon na shigowa, motar na tahowa. Na dubi hoto, na leƙa, sai ga mutumin da kansa. Wanda ya ɗauki hoton nan ya iya ɗauka."

A kujerar gaba, a kan tawul ɗin direba, wani muzuru kalar tsumma ya harɗe. Kunnen hagu a gutsure. Ya ɗago ido ɗaya da rabi ya dubi Malam Fes kamar wanda ya makara zuwa aiki.

"Naka ne?" in ji direban, da ya ji bayani ya huce. "Don Allah ɗauki abinka. A kwali na sa shi a baya, ban san yadda aka yi ya dawo gaba ba. Tun safe in na taka birki sai ya harare ni. Wannan ba zai kama ɓera ba, sai dai ya sa ɓera ya kawo masa rahoto."

"Wan naka na son kyanwa har yanzu?" in ji Malam Fes.

"Sosai."

"Biyo ni. Akwai biyar a ɗakin mai gadinmu, ka zaɓa."

A motar aka kawo Manaja gida, a kujerar gaba, Malam Fes na gaba a babur kamar ɗan rakiya. Mama na tsaye a baranda tun ɗazu. Da aka shigo da shi falo ta buɗe hannu biyu, tana kiran sunansa. Manaja ya wuce ta gefen ƙafarta ko kallo, ya haye kujerarsa, ya juya sau biyu, ya kwanta.

"Kun gani?" in ji Mama, tana dariya tana share ido da gefen mayafi. "Ko sannu. Shi ne, wallahi shi ne."

Direban ya tafi da kyanwa biyu. Mai shagon wanki ta aiko a kai mata mai ruwan zumar, ta ce ta gaji da kallon muni. Mai gadi ya riƙe sauran biyun, wai ya saba da su.

Ranar Lahadi da safe motar Yaya ta iso. An sa akwati a but ɗin motar, an sa sanda. Mama ta naɗe takardar cigiya ɗaya, ta biyun, ta saka a jakarta, ta ce firam za ta sa mata a falo. Kafin a sa Manaja a kwando, ta tsaya a bakin mota ta rungume shi, shi kuma yana ta ƙoƙarin zamewa.

"Ɗan nan, ɗauke mu."

Malam Fes ya zaro waya, ya matsa hagu don rana ta zo ta gefe, ya ɗauka. Matarsa ta leƙo ta kafaɗarsa.

"Na asalin fa?"

"Yana nan. Na tura miki, na tura wa Yaya, har mai gadi na tura wa."

Mama ta karɓi wayar, ta gyara tabarau, ta daɗe tana duba hoton.

"Manaja kar ka kuskura ka taɓa shi," ta ce. Sai ta rage murya, ta nuna wuyanta da ɗan yatsa. "Amma nan wurin, ka ɗan ja shi kaɗan. Kuma zumar nan da ka shafa masa, in akwai saura, ka sa mini."